Kawu Mai Ƙona Fata da Sanyi

Ranar da muka binne Kawu, yayan mahaifiyata, gidansa na Kafanchan ya cika har rumfuna uku suka kasa ɗaukar jama'a. Zumuntar mata sun zo da tulunan kiɗansu, fasto ya yi wa'azi mai tsawo, kuma duk wanda aka miƙa wa lasifika sai ya ce an yi rashin likita mai tsoron Allah. Ba su yi ƙarya ba. Amma ni a can baya aka zaunar da ni, kusa da matar Kawu, inda inuwa ta fi kauri, kuma daga can mutum yana jin abin da ba a faɗa a lasifika.

Wata mata a bayana ta matsa kusa da 'yar'uwarta ta ce, "An ce da aka taɓa gawan, sanyi kamar ƙanƙara."

"To, ba dole ba? Abin da ya yi ta wasa da shi ke nan."

Kwana tara gawar ta yi a firjin asibiti ana jiran 'ya'yansa su iso daga nesa. Ba wadda ta tuna da wannan a cikinsu.

Can kuma wani dattijon ikilisiya ya durƙusa gaban matar Kawu, ya yi mata sannu da rashi, ya yi yaya haƙuri, sannan ya rage murya ya tambaya ko makullin ƙaramin ɗakin nan na asibiti yana hannun wa. Shawara ce kawai, in ji shi, kada a buɗe sai fasto ya yi addu'a a bakin ƙofa. Masu gaisuwa da yawa kuwa in sun iso kaina, bakinsu yana cewa sai haƙuri, idonsu yana kan kunnena na hagu, wanda rabinsa babu.

Ni zabiya ce, da farar fata aka haife ni. Malamar firamare ce a Zonkwa, ina da miji da 'ya'ya uku. Ban ji tsoron a manta da Kawu ba, don garin nan ba zai manta da shi da wuri ba. Abin da za a riƙa tunawa ne ya dame ni, shi ya sa na zauna rubuta abin da na gani da idona, har da wanda ba zai yi mini daɗin faɗa ba.

Asibitinsa ƙarami ne, ɗaki huɗu da baranda, ba nisa da layin dogo. Zazzaɓi, hawan jini, gudawa, saran maciji a lokacin noma, duk shi ne. Abin da ya raba shi da sauran likitocin gari yana cikin ƙaramin ɗakin nan: wata tukunyar ƙarfe mai siririn wuya, tsayinta ya kai gwiwar babban mutum. A cikinta akwai wani ruwa da ya ce sunansa naitirojin, wanda sanyinsa ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba. In ya cire murfi sai farin hayaƙi ya fito, kuma maimakon ya yi sama kamar na itace, sai ya gangaro ƙasa yana bin ƙafafun mutane. Na ga manyan maza sun ɗage ƙafa sun ɗora a kan benci.

Aikin kansa ba shi da wuya a ido. Zai zuba kaɗan a kofin ƙarfe, ya naɗa auduga a kan tsinke, ya tsoma, ya danna a kan ƙurjin, yana ƙirgawa a fili da yarenmu har goma. Wurin sai ya yi fari ya ƙandare. Zafinsa kamar an ɗora maka garwashi. Washegari ya yi bororo, bayan mako biyu ɓawon ya faɗi da ƙurjin gaba ɗaya. Da haka yake cire tusar jaki, wato ƙurjin nan mai tauri da ke fitowa a yatsu, da tsiron fata a wuyan tsofaffi, da irin kaushin fatar da rana ke bar wa mutane irina.

Ruwan ba ya ajiyuwa. Ko an rufe tukunyar, a hankali yake guduwa, kuma ba a rufe ta gam don kada ta fashe. Saboda haka sau ɗaya a wata yake tuƙa tsohuwar motarsa zuwa wajen Jos, wurin masu aikin dabbobi da ke ajiye irin bijimai, wato maniyyinsu, a cikin wannan ruwa, ya cika ya dawo da tagogi a buɗe ko ana ruwan sama. Alhamis da ke biye ita ce ranar sanyi. Da labari ya fita cewa daga wurin da ake ajiye irin bijimai yake samo maganin, sai da aka yi wata guda maza ba su yarda matansu sun je ba.

Wani abin kuma, a baƙar fata, wurin da aka ƙona yakan warke ya bar farin tabo. Kullum sai ya gaya wa mutum tun kafin ya taɓa shi, amma ba a ji. Daga baya in an ga farin ɗigo a hannun mutum a kasuwa sai a ce, "Wannan Likita ya sa masa lamba." Lambar me, ba wanda ya taɓa faɗa dalla-dalla. Wasu sun ce kuturta ce yake dasawa don a koma wurinsa. Wasu sun ce ta ƙungiyar asiri ce.

Gaskiyar magana, shi ma bai taimaki kansa ba, don ban taɓa ganin mutum mai zargi kamar Kawu ba. In ka ce masa lafiya lau, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Ban yarda ba. Nuna mini." In mai ciwo ya zo, zai sunkuya ya shinshina gyambon.

"Me ka shafa?"

"Ba komai, Likita."

"Ban yarda ba. Ruwan batir ne ko toka?"

Kuma sau da yawa ruwan batir ɗin ne. Bai yarda da man shafawar da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Bai yarda da masu cika masa tukunya ba, sai ya zura sanda ya ga iyakar inda ta yi fari. Ko gishirin miya sai ya tambayi matarsa wa ya zuba. A taron dattawan coci, in an karanta rahoto kowa ya ce amin, shi ne zai ɗaga hannu. Mutane suna zuwa wurinsa don yana warkarwa, amma kaɗan ne suke zama su yi hira da shi.

Ina da shekara tara lokacin da ya yi rigima da mahaifina a kaina. Mu manoman citta ne a wani ƙauye kusa da Fadan Kagoma, kuma a gidanmu duk mai ƙafa biyu gona yake zuwa. Kawu ya zo gaisuwa wata Asabar, ya same ni na dawo daga shanyar citta, wuyana da goshina sun yi ja sun fara ɓarewa. Ya juya ni gaba da baya kamar akuyar da zai saya, sannan ya ce wa Baba daga yau na bar gona.

Baba ya ce, "Yarinyan nawa ne ko naka? Kowa a gidan nan yana aiki."

"Taka ce. In kana so ka binne ta kafin ta kai talatin, bar ta a rana."

Mama ta fashe da kuka, ta ce wane irin baki ne wannan. Baba ya ce Kawu ya fita masa daga gida. Ya fita, amma mako na zagayowa ya aiko da malafa mai faɗi, da riguna biyu masu dogon hannu, da saƙon cewa an samo mini makaranta a Kafanchan, in zauna a gidansa. Baba ya bar ni na tafi, amma shekara biyu bai gaishe shi ba. Har Baba ya rasu yana cewa akwai abin da mutumin nan yake nema a jikin yarinyar nan.

A gidansa na girma. Tun ina aji huɗu yake kirana Malama, tun ba wanda ya san zan zama. Kowace ranar sanyi ni ce ta farko a layi. Zai duba goshi, bayan wuya, kafaɗu, bayan hannuwa, yana shafawa da yatsa don ya ji inda fata ta yi kaushi. In ya samu, sai tsinke da auduga. Ina kuka yana ƙirgawa, ba ya rarrashi, ba ya tsallake lamba ko ɗaya. In an gama sai ya aika a sayo mini gasasshiyar masara, ya ce wa matarsa ta ce ita ta saya.

Daga baya ya aika saƙo coci-coci da masallatai, har Zangon Kataf, cewa duk gidan da ke da zabiya a kawo masa ranar sanyi, ba zai karɓi komai ba. Suka fara zuwa, mu goma sha wani abu a baranda, wasu da gyambon da ya riga ya wuce aikin tsinke. A nan na fara ganin masu kama da ni. A nan kuma maganar gari ta canza launi. Lokacin ana ta ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe ana farautar zabiyoyi don tsafi. Sai aka fara tambaya: mutumin da bai yarda da kowa ba, me ya sa yake tara zabiyoyi kyauta?

Na san ana faɗa. Ina dariya. Ban san wata rana tambayar za ta shiga kaina ba.

Bayan na yi aure na haifi ɗana na biyu, wani ƙurji ya fito a gefen kunnena na hagu. Ya yi ɓawo, ya faɗi, ya sake yi, in na ɗaura ɗankwali sai ya yi jini. Na je ranar sanyi kamar kullum. Kawu ya daɗe yana dubawa. Bai buɗe tukunya ba. Ya yi mini allurar kashe zafi, ya ɗauki ƙaramar wuƙa ya yanki guntu kamar ƙwayar wake, ya jefa a ƙaramar kwalba mai ruwa, ya yi rubutu a jiki. Sannan ya sa kwalbar a aljihun rigarsa.

Na ce, "Kawu, ba za a sa sanyi ba?"

"Wannan ba na sanyi ba ne. Je ki gida, zan neme ki."

Iyakar bayanin da ya yi ke nan. Haka yake, ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba.

Da na koma Zonkwa na ba maigidana labari a tsakar gida, uwar mijina tana tsince wake a gefe. Ta ajiye faranti.

"A ina ya sa?"

"A aljihu, Mama."

"Naman zabiya. A aljihu." Ta tafa hannu. "Ke da kika yi makaranta, a ina kika taɓa ganin likita ya sa naman mutum a aljihunsa?"

Maigidana ya ce ta bar wannan magana. Ba ta bari ba. Ta ce shekarar zaɓe ce, kuma an ga motar wani mai neman kujera a ƙofar asibitin har sau biyu. Ta ce a watan nan Kawu ya canza rufin asibiti gaba ɗaya, kwano sabo fil. Duka biyun gaskiya ne, na gani da idona. Ta ce tun ina ƙarama ya raba ni da gidan ubana, yana kiwona, kuma mai kiwo ya san ranar da yake jira.

Ban ce na yarda ba. Amma na fara tuna abubuwa. Yadda yake kulle ƙaramin ɗakin ya rataya makulli a wuya. Yadda yake rubuta sunayenmu da ƙauyukanmu a wani littafi dabam. Maganar Baba. Abin da na yi shekara ashirin ina gani a matsayin kulawa, sai kowanne ya juyo mini da wata fuska. Bayan mako uku ya kira wayata, na zuba mata ido har ta katse. Ya sake kira, ya kira maigidana, ya aiko matarsa. Na sa aka ce mata ba na nan, alhali ina bayan ƙofa ina jin muryar matar da ta yi mini kitso tun ina shekara tara.

Wata biyar na yi haka. Uwar mijina ta karɓo mini wani baƙin magani daga wata mata a kasuwa, ina shafawa safe da yamma. Ƙurjin ya buɗe ya zama gyambo, ya fara wari. Na koma ɗaura ɗankwali har kan kunne.

Wata Talata da safe ina koya wa 'yan aji uku lissafi, sai na ga inuwa a taga. Kawu ne, ya sauko daga kan mashin, wandonsa duk laka, don damina ce kuma motarsa ta lalace. Yana da shekara saba'in da wani abu a lokacin. Na fito baranda.

Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Cire ɗankwalin."

Na cire. Ya duba, ya shinshina, bai tambayi abin da na shafa ba. Ya ciro takarda a ninke ya miƙo mini.

"Malama, ciwon daji ne. Wata huɗu takardar nan tana hannuna. Ba maganar waya ba ce, ba kuma ta aike ba ce."

Ban karɓa ba. Na ce, "Kawu, ina naman kunnena?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Na ga lokacin da ya gane. Bai yi fushi ba, kuma da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Yana Jos, a ɗakin gwaji. Sun yanyanka shi sun shimfiɗa a kan gilashi."

"Ban yarda ba," na ce. Da bakinsa na yi masa magana, ban ma sani ba sai da ta fita.

Ya gyaɗa kai. "To. Gobe ki zo da mijinki. Ki zo da wanda ya gaya miki, ko wane ne."

Washegari mu huɗu muka shiga mota zuwa Jos. A ɗakin gwajin ya roƙi wata ma'aikaciya ta nemo gilashin. Ga sunana a jiki, ga ranar da aka yanka. Ta sa a ƙarƙashin madubin dubawa, na leƙa, ta nuna mini inda ƙwayoyin suka fita daga layinsu. Maigidana ya leƙa. Uwar mijina ta leƙa ta daɗe, ta ɗago ta ce ita ba ta ga komai ba sai ja da shuɗi, kuma wa ya san ko nawa ne. Har yau ba ta canza magana ba. Ta zo jana'izar, ta yi waƙa tare da zumuntar mata.

A makon aka yi mini aiki. Likitan fiɗa ya cire rabin kunnen, ya ce da na ƙara wasu watanni da ya shiga wuya. Kawu ne ya riƙa wanke mini ciwon har ya warke. Bai taɓa tayar da maganar wata biyar ɗin ba, ni ma ban tayar ba. Na koma layin ranar sanyi kamar ba abin da ya faru. Shekara takwas muka yi a haka.

Da hannunsa ya fara rawa sai ya daina aikin sanyi da kansa. Ya ce tsinken da ke rawa zai ƙona inda ba a aike shi ba. Bara ƙodarsa ta fara ba shi wahala, bana ya kwanta. Wata Lahadi bayan sujada na je na same shi a baranda a kan doguwar kujera, an rufe masa ƙafafu da zane. Matarsa ta shiga ɗaki. Na durƙusa na ce, "Kawu, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Abin da na zarge ka da shi a waccan shekarar, ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi ki zauna. Ni ma akwai tawa."

Na zauna.

"Ƙurjin kunnen nan. Kin tuna na taɓa sa masa sanyi?"

Ban tuna ba. Wurare nawa ya ƙona a jikina tun ina yarinya?

"Sau biyu, shekara guda kafin in yanka. Kina da cikin yaron nan. Na duba na ce kaushin rana ne kawai. Sanyin ya cinye na sama, ya rufe, na ƙasa yana ta tafiya. Da tun ranar farko na yanka na aika gwaji, da ɗan tabo kawai za ki samu. Ni da nake tuhumar kowa, wannan ɗaya ban tuhume shi ba." Ya gyara zanen ƙafarsa. "Watanninki biyar sun ƙara. Amma shekara guda tawa ce. Yana cikin littafi, da rubutuna. In na tafi ki faɗa, don yaran da ke koyon aikin nan su ji."

Bakina ya buɗe zan ce ba komai, ya ɗaga hannu.

"Kada ki ce kin yafe yanzu. Kina ganin tsoho a kwance, me za ki ce? Je ki gida ki yi tunani. In kin gama ki dawo ki gaya mini."

Na tafi. Kuma na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Shekara takwas ina ɗauke da kunyar abin da na yi masa, ina sunkuyar da kai in na shiga gidansa, ashe yana da nasa ya yi shiru. Na tsaya gaban madubi na daɗe ina kallon kunnen. Ban gaya wa maigidana ba, don na san inda maganar za ta ƙare. Kwana huɗu ban iya yi masa addu'a ba. Bayan nan fushin ya fara sauka, ba don na samo wata hujja ba, sai don duk lokacin da na rufe ido, tsoho nake gani a tagar ajina da laka har gwiwa.

A rana ta goma sha uku, Asabar, na shiga bas da safe na nufi Kafanchan, na saya masa ayaba a tasha. Tun daga kan kwana na hango takalma jibge a ƙofar gida, na ji muryar matarsa. Da asuba ya cika.

Saboda haka a nan zan faɗa, tunda ya ce in dawo in gaya masa. Kawu, na je gida, na yi tunani kamar yadda ka ce. Na yafe. Tawa kuma ba ka amsa mini ba ranar, ka ce in tashi in zauna. Zan jira amsar har mu sadu a gaban Ubangiji, wanda nake roƙo ya ba ka hutu.